Rigar Jorge Campos da na yi oda a intanet: kala ta fito, amma sun cinye yadin

Ranar da kayan suka iso ina yage ledar a tsakar gida uwargida ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya ta ƙare wa abin kallo, tace maigida wannan kuma labulen wane ɗaki ne. Nace rigar ƙwallo ce. Tace to Allah yasa ba da ita zaka ratsa layi ba, dan ita bata da bakin amsa tambayar maƙwabta. Autata kuwa tsalle ta dinga yi wai Baba ya sayo rigar alawa. Ruwan hoda ne da ruwan ɗorawa da kore shar da ɗan ruwan malmo, duk an yanka su ƙwana-ƙwana kamar haƙoran zarto an watsa a jikin riga ɗaya, irin kalar nan mai ɗaukar ido da in rana ta doke ta sai ka ɗan rintse. Wanda ya kalli ƙwallo a shekarun 90 ba sai an faɗa masa ba, wannan rigar Jorge Campos ce, golan Meziko. Wata biyu kenan tana hannuna, na buga wasa shida da ita, an wanke ta ya fi sau goma, shi yasa nace bari in zauna in rubuta abinda na gani dan naga tallanta ya fara yawa a Instagram kuma mutum uku sun tambaye ni ko su saya.

Ni gola ne, na wasan tsofaffi da muke yi duk Lahadi da safe a nan Kaduna, ’yan kasuwa da malaman makaranta da masu tumbi irina, kuma gajere ne ni, tun ina yaro ba a taɓa sa ni a layin baya ba in za a ɗauki hoto. Abinda yasa na zama gola ma wannan mutumin ne. Ranar 5 ga watan Yuli 1994 ba zan manta ba, ranar da Italiya ta fitar da mu a kofin duniya, Amunike ya ci mana muna ta murna har saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke, aka shiga ƙarin lokaci ya ƙara da fenariti. Unguwa ta yi tsit kamar an yi rasuwa, manya duk suka watse daga gidan maƙwabcinmu da muke kallo, ni kuma da wasu yara biyu muka maƙale a bakin ƙofa dan akwai wasa na biyu da daddare, Meziko da Bulgeriya. Mu a gidanmu talabijin baƙi da fari ce, a wasanninsu na baya da na gani a gida rigar golan nan kamar zanen tabarma kawai take fitowa, sai a daren nan na ganta a mai kala, wallahi na ɗauka talabijin ɗin ce ta lalace. Ga ɗan mutum ƙarami cikin wata ƙatuwar riga tana ta filfilwa, yana fitowa har wajen gidansa yana tare ƙwallo da ƙafa kamar ɗan baya. Stoichkov ya ɗura masa wata tun minti na 6, García Aspe ya farke da fenariti, a wasan ne ma ƙarfen da ke riƙe raga ta baya ya karye da wani ɗan Meziko ya faɗa cikinta sai da aka tsaya aka kawo wata. Aka tashi 1 da 1, aka je bugun fenariti, Campos ya tare na Balakov amma ’yan uwansa suka zubar da uku a jere, Bulgeriya ta wuce da 3 da 1. Har yau ’yan Meziko suna ƙorafin kocinsu Mejía Barón da ya bar Hugo Sánchez a benci bai yi canji ko ɗaya ba. Mu kuma abin haushin shine wannan Bulgeriyar ita muka lallasa 3 da nema a wasanmu na farko, Yekini yana girgiza raga yana kuka, amma ita ta je har wasan kusa da na ƙarshe. Daga washegari na koma tsakanin duwatsu biyu nace ni Kampos ne, shekara 30 da ɗoriya kenan ban fito ba.

To zancen oda. Shafin masu saida tsofaffin rigunan ƙwallo ne, irin waɗanda ake sake bugawa, ba zan kama suna ba dan ba faɗa na zo yi ba. Tun farko yaron mai shafin ya faɗa min gaskiya cewa ba ta asali bace kwafi ce, wannan na yaba masa, dan ta asalin ta wancan lokacin in ma ka same ta kuɗinta ba na mai wasan Lahadi bane. Naira dubu 27 muka yi, kuɗin mota daban dubu 3 da ɗari 5. Yace sati biyu zuwa uku, sai da ta yi sati biyar, kullum in na yi magana sai yace oga kaya suna hanya oga kaya suna hanya, rannan yace kwantena ce, wani satin yace ruwa ne ya hana mota tashi, na dai haƙura dan na riga na tura kuɗi. Da ta iso tasha direban ma sai da ya karɓi ɗari 5 na ajiya. Wannan duk ba sabon abu bane ga wanda ya saba oda, ban riƙe shi da shi sosai ba.

Inda muka fara saɓawa lamba ce. Yace za a buga suna da lamba a baya kyauta, nace a sa min CAMPOS da lamba 9. Ya turo min murya yana dariya wai oga ai gola baya sa 9, ko dai kuskure kayi. Nace ba kuskure, 9 nake so. Yace to shikenan. Riga ta zo da ƙatuwar lamba 1. A nan na gane yaron hoton rigar ya sani bai san mai rigar ba, dan duk abinda ya sa Campos ya fita daban yana cikin wannan lambar. Da ya shiga babbar ƙungiyar Pumas ta birnin Meziko a 1988 akwai gola a gabansa, Adolfo Ríos, ba maganar a cire shi, shi kuma yaron bai iya zaman benci ba sai yace a jarraba shi a gaba. Kakar 1989 zuwa 90 ya ci ƙwallo 14 a matsayin ɗan gaba, goma sha huɗu fa, akwai sitiraikoki da aka saya da kuɗi masu yawa basu kai haka ba. Daga baya ya karɓi ragar, suka ɗauki kofin lig a 1991 bayan sun doke ƙungiyar América, amma bai taɓa barin ɗabi’ar ba, in ana cin ƙungiyarsa sai a shigo da wani gola shi ya canza riga ya koma gaba. A ƙungiyar Atlante ya taɓa yin haka a wasa da Cruz Azul ya tashi sama ya kwanta a iska ya ɗauke ƙwallo ta shiga raga, ku neme ta a YouTube tana nan. Ƙwallayen da ya ci a rayuwarsa sun haura 30, kuma ba irin na Chilavert ko Rogério Ceni bane da suke zuwa su buga firikik da fenariti su koma gida, shi da gudu da yanka yake cin nasa. Shi yasa akwai lokutan da yake tsaron gida da 9 a bayansa. Na rubuta wa yaron duk wannan, ya turo min hoton babban yatsa.

Bari in faɗi alherinta kafin in ci gaba da mita. Kala kam ta fito, ba a cewa komai. Zanen a cikin zaren yake ba fenti aka shafa a sama ba, in ka shafa da hannu baka jin tudu, kuma abinda na fi tsoro shine wankin farko ruwan hodar nan ya zuba ya shiga ɗorawar su koma kalar kunun kanwa, to bai faru ba. Da gangan na jiƙa ta a bokiti da farar singileti tsohuwa na bar su tun la’asar har isha’i, singiletin ta fito fara tas. Bayan wanki goma da shanya a ranar Kaduna koren ne kawai ya ɗan kwanta a kafaɗa, shima sai ka haɗa da cikin rigar zaka gane. Ɗinkin gefe da na hammata layi biyu ne, na yi faɗuwa a ƙasa mai tsakuwa ba sau ɗaya ba bata yage ba sai ɗan gashi da ta tayar a kwiɓi. Kwalar wuya tana tsayuwa da kyau bata naɗewa. Ƙura ma bata kama ta sosai, in ka karkaɗe sai ta zube, wannan a filinmu da babu ciyawa ko ɗaya ba ƙaramin abu bane.

Lambar da sunan kuwa leda ce aka manna da zafi. Wanki na huɗu ƙasan lamba 1 ya fara ɗagowa, na shida harafin S ya tsage biyu, yanzu daga nesa CAMPO ake karantawa. Laifina a ciki shine yarinyar gida ta ɗora mata dutsen guga sau ɗaya kafin in hana, to kada ku bari guga ta taɓa bayan, in ya zama dole a juya ta a ɗora ƙyalle. Amma tun kafin gugar ta fara tashi.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda saboda ita nake wannan dogon rubutun. Rigar ta matse. Ba wai ta yi min kaɗan bane, na ɗauki XL alhali L nake sawa, tsawonta daidai, amma an yanka ta irin yankan rigunan yanzu masu bin jiki, kafaɗa ƙunci, hannu siriri ya tsaya a tsakiyar damtse, ciki ya ɗame. Duk wanda ya taɓa ganin Campos ya san ba haka rigarsa take ba. Tasa burmemiya ce, hannun faffaɗa har gwiwar hannu, jikin kamar ka zuba mutum biyu, ga gajeren wando shima mai faɗi kala ɗaya da rigar. Mutumin tsayinsa bai wuce mita 1.70 ba, a zamanin da irin su Peter Schmeichel suka haura 1.90, kuma ni da na yi shekaru a raga da irin wannan tsayin na san abinda faɗin riga yake yi. In ɗan gaba ya taho shi kaɗai ya ɗago kai, daƙiƙa ɗaya gare shi ya ga inda ƙofa take, in ka ware hannu cikin riga mai faɗi yadin da ke tsakanin hannunka da haƙarƙari yana buɗewa kamar fiffiken jemage ya rufe masa wani yanki na ragar, ga kala tana kiran idonsa, da yawa sai ya buga ta a jikinka bai sani ba. Ni dai haka na fahimci rigar nan, ba ado kaɗai bace kayan aiki ce, gajeren mutum ne ya nemo dabarar da zai cika ido. Shi da kansa yake tsara zanen, kalolin kuma daga garinsu ya ɗauko su, Acapulco, bakin teku ne, ya tashi cikin masu hawan igiyar ruwa da irin gajerun wandunansu masu rambatsau. To masu wannan kwafin sun ɗauki zanen sun zuba a kan ma’aunin rigar zamani, ko dan tsimin yadi ne ko rashin sani oho. Na saka na tsaya gaban madubi, maimakon in ƙara faɗi sai tumbina ya fito sarai da zane-zane a kansa kamar an yi wa tulu kwalliyar sallah. Uwargida sai da ta zauna dan dariya.

Yadin kuma roba ce zalla, mai santsi, ba ƙananan hudoji irin na rigunan da ke shan iska. Lokacin sanyi da na fara sawa lafiya lau, har daɗi take dan tana tare iskar hunturu, amma da zafi ya fara shigowa wasan ƙarfe 8 na safe ma kafin hutun rabin lokaci na jiƙe sharkaf ta manne min a baya kamar ledar burodi, ƙurajen zafi suka feso min a wuya. Da mai faɗi ce ko ba komai iska zata dinga shiga ta ƙasa. Babu soso a gwiwar hannu, wannan ban yi mamaki ba tunda gajeren hannu ce, amma wanda yake faɗuwa a ƙasa irin tamu ya tanadi abin ɗaurawa nasa.

Ranar farko da na shiga fili da ita kam an sha kallo. Tun daga inda na ajiye mashin ake ihu, wani yace ga dawisu, wani yace Alhaji atamfar Hajiya ka ɗauko, kyaftin ɗinmu yace yau ko ba a kunna fitila ba a ga gola. Yaran da suke jira mu gama su shiga suka zagaye ni, ɗaya yace kawu wannan ta wace ƙungiya ce, nace golan Meziko, yace Ochoa? Su Ochoa suka sani saboda abinda ya yi wa Barazil a 2014 da aka tashi ba ci, nace kai tun Ochoa yana firamare wannan yake tsare wa ƙasar gida. Alƙalin wasanmu, wani tsohon malamin motsa jiki ne mai son doka, ya zo ya zagaya ni yace shi dai doka tace rigar gola ta bambanta da ta kowa, wannan kuwa ta bambanta da ta kowa a jihar nan, a buga.

Kuma rigar tana da wani sharri, tana sa mutum jin kansa. Minti kamar 20 aka jefo wata doguwa bayan ’yan bayanmu, da a ce tsohuwar baƙar rigata ce a jikina da na tsaya a layi ina addu’a, amma sai na ji wani abu yace min fita, na fito da gudu har wajen gida na riga ɗan gabansu isa, maimakon in doke ta waje sai nace bari in yanke shi. Na yanke shi kuwa, fili ya ɗauki ihu Kampos Kampos, na ɗago kai ina neman wanda zan ba sai wani mai saida taya da ko gudu baya iyawa ya zo ta bayana ya zare ta ya gangara da ita raga ba kowa. Har yau ba a daina min ba’a ba. Shi Campos da yake wannan fitar yana da ƙafar ɗan gaba da gudun barewa, kuma ya zo a daidai lokacin da aka canza doka a 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan uwansa ya mayar masa da ƙafa, gololi da yawa suka rikice shi kuwa kamar an yi dokar dominsa. Abinda ake yabon Neuer da Ederson a kai yanzu shi da Higuita na Kolombiya sun yi shi tun ana ce musu mahaukata. A 1993 ƙungiyar nan mai ƙididdigar ƙwallo ta IFFHS ta sa shi na uku a gololin duniya, shekarar da Meziko ta fara zuwa Copa América a matsayin baƙuwa ta je har wasan ƙarshe, Batistuta ya ci biyu Ajantina ta ɗauka da 2 da 1.

Bayan wasa muna zaune wajen mai shayi gardama ta tashi, wani abokinmu yace shi bai ga abin kururutawa ba, ai wannan golan ne yaranmu suka ci biyu a Atlanta 96. Gaskiyarsa kuma, wasan kwata fainal na Olamfik, Campos yana cikin manyan da Meziko ta tafi da su, Okocha ya ci ta farko, Celestine Babayaro ɗan garin nan ya ƙara ta biyu ana dab da tashi, daga nan muka wuce muka haɗu da Barazil aka yi abin nan na Kanu. Nace to ai ba abin kunya bane tawagar da ta ci Barazil da Ajantina ta ci ka, kuma ka tuna shekara ɗaya kafin nan a Riyadh, kofin Sarki Fahad na 1995, Meziko ce ta ƙwace mana na uku a bugun fenariti bayan an tashi 1 da 1. Ya yi shiru yana juya cokali. Na ƙara masa da cewa mutum ya buga wa ƙasarsa wasa kusan 130, ya tsare gida a kofin duniya biyu, na 94 da na Faransa 98 inda suka fito daga rukuni ba a ci su wasa ba, suka doke Koriya ta Kudu suka yi 2 da 2 da Beljiyam da Holan, har suna gaban Jamus da ci ɗaya kafin Klinsmann da Bierhoff su juya wasan, a 2002 kuma ya je yana benci Óscar Pérez na raga, shima wani gajeren ne, da alama ƙasar bata ƙyamar gajerun gololi irin yadda ake mana a nan. A 1999 suka ci Barazil 4 da 3 a filin Azteca suka ɗauki kofin zakarun nahiyoyi. Da Amurka ta buɗe lig ɗinta a 1996 shi LA Galaxy ta ɗauko dan ya jawo mata ’yan Meziko mazauna Los Angeles, har akwai ranar da ya buga wa ƙasarsa wasa da Amurka a filin Rose Bowl, aka tashi ya canza kaya ya shiga wasan Galaxy a filin a ranar. Ya ajiye safar hannu a Puebla a 2004, yanzu yana sharhin wasa a TV Azteca, ’yan ƙasar suna kiransa El Brody. Mai shayi yace Alhaji duk wannan a cikin rigar aka rubuto maka? Nace a’a, inda an rubuto da wanda ya sayar min ya karanta.

Na koma wa mai shafin da maganar faɗi da ta lamba, na tura masa hoton Campos da hotona gefe da gefe. Yace oga haka kamfani suke yinta, babu canji tunda an buga suna, amma in na sake oda zai rage min dubu 2. Na tambaye shi ko akwai 3XL yace sai an yi oda ta musamman sati uku, na san sati ukunsa. Bai yi min rashin kunya ba, ban kuma ji yana da niyyar cuta ba, kawai dai kayan da bai sani ba yake sayarwa kuma bai damu ya sani ba.

Ƙarshe wajen telanmu na kai ta, dattijo ne da yake min ɗinki tun ina saurayi. Ya ɗaga ta sama ya juya gaba ya juya baya yace ikon Allah, yanzu wannan da kuɗi ka saya? Na nuna masa bidiyo a waya, ya gyara tabarau ya kalla sau biyu, bai san Campos ba bai san Meziko ba amma nan take yace ai wannan yankan babbar riga aka yi mata, dubi hammatar, ba a ɗinke ta a sama ba an sake ta ne. Abinda mai shafi ya kasa gani kenan. Ya farke gefe biyun tun daga bakin hannu har ƙasa, ya aiki yaronsa kasuwa ya samo yadi mai huda-huda ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido, ya saka tsiri mai faɗin tafin hannu kowane gefe, a hammata ya yi masa ƙwana yadda in na ɗaga hannu zai buɗe, ya ƙara wa hannun tsawo da ragowar, ya bi da oba. Lambar ma ya ɓanɓare ta gaba ɗaya da ruwan zafi, ya yanko 9 a farin yadi ya ɗinka, sai dai inuwar 1 ɗin tana nan a ƙasa in ka matso. Dubu 4 da ɗari 5 ya karɓa har da kuɗin yadi. Ɗorawar tasa bata zo ɗaya sak da ta rigar ba, ta fi ta haske kaɗan, amma a rigar da kala huɗu suke faɗa da juna waye zai lura. Zafin ma ya ragu sosai dan iska tana shiga ta gefen.

In ka haɗa duka na kashe dubu 35 da ɗari 5, a kan rigar da sai da tela ya ƙarasa ta. In ratayewa zaka yi a ɗaki ko ka sa da jins ka je gidan kallo ka saya ba matsala, kalar ta biya kuɗinta, amma kace kar su buga komai a baya ka kai wa masu buga lamba na gari. In wasa zaka yi da ita ka ƙara saiz biyu ko uku a kan naka, ka sa ya auna maka faɗin ƙirji da tef ya turo hoto kafin ka tura kuɗi, kada ka yarda da XL ɗin baki, kuma ka ware kuɗin tela. Wandon ban saya ba, yace dubu 12, ina ganin zan sa dattijon ya haɗa min da ragowar yadin kawai. A goma na bata biyar yadda ta zo, bakwai bayan gyara, ukun da suka rage na roba ne da sati biyar.

Lahadin da ta wuce ana cin mu 2 da 1 saura minti biyar na ce wa kyaftin ya ba yaron da ke ɗauko mana ƙwallo safar hannu ni in tafi gaba, tunda ga 9 a bayana. Ya kalle ni ya kalli tumbin yace Alhaji koma raga dan Allah, kona ce za a bugo.